Kwas ɗin share fagen kemistiri da na yi wa ƙanwata rajista, ga yanda na same shi

Ƙanwata ta samu gurbin karatu a jami'a fannin haɗa magunguna, kuma tsakanin fitowar sunanta da fara lakca akwai kusan wata uku da take zaune a gida kawai. Ni kuma na san abun da ke jiranta a kemistirin shekarar farko domin na bi ta wajen, na ga yara masu ƙoƙari waɗanda suka fito sakandare da sakamako mai kyau amma zangon farko ya yi ƙasa da su, kuma wallahi suna da ƙwaƙwalwa, matsalar ita ce lakcara yana shigowa ne da zaton akwai abubuwan da kowa ya riga ya iya, ba zai tsaya koya maka su ba, shi dai gaba yake yi, in ka fahimta ka fahimta in ba ka fahimta ba sai dai ku haɗu a jarabawa. Shi ya sa na yi mata rajistar wani kwas na intanet na share fagen kemistiri mai sati takwas, kuma kusan kullum da yamma nake zama da ita muna bi tare. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda ina da ƙorafi a kansu, kuma irinsu sun yi yawa yanzu, tsarin kusan ɗaya ne, gajerun bidiyo, tambayoyin gwaji da kwamfuta ke ba da maki nan take, sai malami guda da ake tura wa tambaya a rubuce ya amsa daga baya.

Ranar farko gwaji suka fara ba ta kafin kowane darasi, kuma anan ne na fara ganin mutanen sun san abun da suke yi. Fiye da rabin tambayoyin lissafi ne tsantsa. Mayar da mililita 250 zuwa lita. Rubuta 0.00045 a tsarin lamba sau goma mai fawa. An ba ka densiti d = m/V, wato nauyi (m) raba da bolum (V), fito da V ita kaɗai. Tana cikin yi ta ɗago ta ce min "Yaya, anya ba kwas ɗin lissafi ka biya ba kuwa?" Yarinyar nan fa ta haddace elemen ashirin na farko a jere ba tuntuɓe, ta san ma'anar aisotof, wato atom na elemen ɗaya masu nauyi daban-daban, kalma da kalma kamar yanda aka rubuta musu a allo, amma da aka ce ta fito da V sai ta rubuta V = d/m, alhali V = m/d ne. Ba ta ci rabin makin ba. Ranta ya ɓaci sosai, ni kuwa daɗi na ji a raina, domin gara ta ga ramin yanzu tana gida da ta gan shi ranar da sakamakon zangon farko ya fito.

Wannan shi ne babban abun da ya sa nake yaba kwas ɗin duk da aibobinshi. Kemistirin shekarar farko lissafi ne da ake yi da sinadarai. Haddar da aka yi a sakandare tana da amfaninta amma ba ita ake tambaya ba, abun da ake so shi ne a ba ka giram ka mayar da shi mol, wato ma'aunin ƙidayar ƙwayoyin sinadari, daga mol ka bi ikweshon ka tsallaka zuwa wani sinadarin, sannan ka dawo giram ko lita, kuma ka kalli amsarka ka gane ko ta yi kama da hankali. Kwas ɗin ya gina komai a kan wannan.

Satin farko gaba ɗaya a kan yunit ya ƙare. Dokarsu ɗaya ce, kada ka taɓa rubuta lamba tsirara, kowace lamba da yunit ɗinta a gefe, sannan ka jera su kamar firakshon ta yanda wanda ba ka so zai soke kanshi sama da ƙasa. In ka gama soke-soke ka ga abun da ya rage giram sau giram ne a bisa mol alhali mol kake nema, to ka san ka kifa wani abu, ba sai malami ya gaya maka ba. Da farko ƙanwata ta ga ɓata lokaci ne, ta fi son ta yi a ka ta rubuta amsa, sai da ta faɗi tambayoyi uku a jere saboda ta ninka inda ya kamata ta raba sannan ta saduda. Sun kawo labarin kumbon Mars Climate Orbiter da hukumar NASA ta Amurka ta rasa a 1999, wani ɓangare na masu aikin ya yi lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam ɗayan kuma yana zaton niyuton ne, kumbon ya shiga kusa da duniyar Mas fiye da kima ya salwanta. Labarin ya zauna mata, tun daga ranar ban ƙara ganin lamba ba yunit a littafinta ba.

Akwai wani bidiyo na minti kaɗan a kan kalkuleta wanda a ganina shi kaɗai ma ya ceci maki mai yawa. Gwada wannan da kanka, danna 1.2 × 10^24 ÷ 6.022 × 10^23 haka a jere ba tare da ka sa baka ( ) ba, kalkuleta za ta raba da 6.022 sannan ta NINKA da 10^23, sai ka ga amsa wajen 2 × 10^46 alhali amsar gaskiya wajen 2 ce kawai. Ɗalibai da yawa haka suke yi kuma su kwafe amsar ba ko ɗar. Maganin shi ne maɓallin EXP, wasu kalkuletocin EE ne a rubuce wasu kuma ×10ˣ, shi ke ɗaure lambar da fawarta su zama abu ɗaya. Ban taɓa ganin an tsaya an koyar da wannan a aji ba, kowa zato yake kowa ya sani.

Ƙorafina na farko ma a satin nan yake, wajen muhimman lambobi, wato lambobi nawa ya halatta ka bari a amsarka gwargwadon ingancin awon da aka ba ka. Darasin kanshi ba laifi, sun bayyana cewa 0.025 da 0.0250 ba ɗaya ba ne a wajen mai awo, na farko muhimman lambobi biyu na biyu uku, sifilin ƙarshen yana cewa na auna har nan kuma na tabbata. Amma kwamfutar da ke ba da maki ba ta bayani, in ka rubuta 1.5 a inda take son 1.46 ja kawai za ta nuna maka ta ce ba daidai ba, ba za ta ce hanyarka daidai ce yankewar ce ta yi yawa ba. Akwai daren da yarinyar nan ta sake lissafi ɗaya har sau huɗu tana neman kuskuren da babu shi, har idonta ya ciko, sai da na karɓi littafin na duba na ce mata ke lissafinki lafiya lau yake, ƙara lamba ɗaya kawai. Mai koyo shi kaɗai ba wani a gefe zai iya yanke ƙauna a irin wannan wajen, kuma gyaran ba wuya gare shi ba a wajensu, layi ɗaya ne na bayani.

Sashen atom da jadawalin elemen sun bi shi da sauri kuma ban ga laifinsu ba tunda yawancin ɗalibai sun zo da shi. Thomson ya gano ilektiron a 1897, Rutherford ya nuna akwai cibiya a tsakiyar atom a 1911, Chadwick ya gano niyutiron a 1932, an wuce. Inda suka tsaya suka yi aiki shi ne tambayar me ya sa nauyin kulorin a jadawali 35.45 ne, ai ba a raba furoton ko niyutiron gida biyu. Amsar ita ce kulorin na duniya gauraye ne, kusan kashi 76 cikin ɗari mai nauyi 35 ne, kusan kashi 24 mai nauyi 37, in ka yi matsakaici gwargwadon yawan kowanne sai ka faɗo kusa da 35.45. Ƙanwata ta san ma'anar aisotof shekara da shekaru amma ba ta taɓa haɗa shi da lambar da take gani kullum a ƙarƙashin Cl ba sai ranar.

Kuma sun faɗa ƙarara cewa ba wanda zai ce ka haddace elemen 118, jadawalin ana ba ka shi, iya karanta shi ake so. Ka kalli sodiyam a rukunin farko ka san ilektiron ɗaya zai saki ya zama Na⁺, ka kalli oksijin ka san biyu zai karɓa, ka san atom yana ƙanƙancewa in kana tafiya dama a layi ɗaya yana kuma girma in kana gangarowa ƙasa. Na ji daɗin yanda suka kawo Mendeleev ɗan ƙasar Rasha, wanda ya jera elemen wajen 63 da aka sani a 1869 ya bar gurabe babu komai ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna har ya faɗi siffofinsu, sai ga galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886 sun zo sun cike guraben kusan yanda ya ce. Sai a 1913 Moseley ya nuna cewa yawan furoton ne ainihin abun da ke jera su ba nauyi ba. Wannan ya sa ta daina kallon jadawalin kamar jerin sunaye.

Inda hadda ta zama dole sun faɗa ba ɓoye-ɓoye. Ayon masu atom da yawa, salfet SO₄²⁻, naitiret NO₃⁻, kabonet CO₃²⁻, fosfet PO₄³⁻, haidiroksaid OH⁻, amoniyam NH₄⁺, waɗannan sai ka san su kamar sunanka, in ba haka ba ba za ka iya rubuta Al₂(SO₄)₃ ba balle ka yi lissafi da shi. Haka alamomin da suka fito daga Latin, Na, K, Fe, Pb, Ag, Au. Katunan bita da ke cikin manhajar sun taimaka anan. Sai dai rubuta fomula a waya azaba ce, babu maɓallin ƙaramar lambar ƙasa, kuma akwatin amsa yana canza babban baƙi da ƙarami yanda ya ga dama, a kemistiri kuwa Co kobalt ne ƙarfe, CO kuma kabon monoksaid ne iskar da ke kashe mutum. Daga baya kwamfuta muka koma amfani da ita don wannan kawai.

To sai mol. Sati biyu cur suka ba shi kuma nan ne kuɗina ya fita.

Sun fara ne da cewa mol ƙidaya ce kamar dozin, dozin goma sha biyu ce, mol kuma 6.022 × 10²³, lambar da aka sa wa sunan Avogadro ɗan Italiya duk da ba shi ya lissafo ta ba, shi dai a 1811 ya kawo ra'ayin cewa iskoki masu bolum ɗaya a zafi ɗaya da matsi ɗaya adadin molekul ɗinsu ɗaya ne. Dalilin lambar shi ne atom ya yi ƙanƙanta ba a iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, amma ana iya auna shi a sikeli, mol shi ne gadar da ke tsakanin abun da sikeli ya nuna da adadin ƙwayoyin da ke ciki. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne da ɗan ɗoriya, wato wajen mililita 18, abun da bai fi kurɓa ɗaya ba. Na auno mata shi da sirinji na zuba a murfin kwalba na ajiye a gabanta na ce ga molekul 6.022 × 10²³ nan, ta daɗe tana kallon ruwan ba ta ce komai ba.

Daga nan daidaita ikweshon. Abun da suka nanata shi ne lambar gaba kawai ake taɓawa, ƙaramar lambar ƙasa ba a taɓa ta, domin in ka mayar da H₂O ya zama H₂O₂ don oksijin ya daidaita to ka bar ruwa ka koma haidirojin feroksaid, wani sinadari daban. Misalin da suka yi ta komawa kanshi shi ne ƙonewar mitan, CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O. Giram 16 na mitan da giram 64 na oksijin suna ba da giram 44 na kabon dayoksaid da giram 36 na ruwa, tara hagu 80 tara dama 80, babu abun da ya ɓace babu abun da ya ƙaru, dokar da Lavoisier na Faransa ya kafa tun ƙarni na 18. Na so yanda suka sa ɗalibi ya tara da hannunshi ya gani maimakon a ce mishi ya haddace dokar.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta sinadarin da ke fara ƙarewa. Tambayar ita ce an haɗa giram 4 na haidirojin da giram 16 na oksijin, 2H₂ + O₂ → 2H₂O, wanne zai fara ƙarewa kuma ruwa nawa za a samu. Ko biro ba ta ɗauka ba ta ce haidirojin mana Yaya, huɗu ai bai kai sha shida ba. Kwamfuta ta nuna ja. Ta ce kwamfutar ce ta yi kuskure. Na ce to mayar da su mol mu gani. Giram 4 raba da 2, wajen mol 2 na haidirojin. Giram 16 raba da 32, rabin mol na oksijin. Ikweshon ya ce kowane mol ɗaya na oksijin yana cin mol biyu na haidirojin, ke nan rabin mol zai ci mol ɗaya kawai, oksijin ya ƙare tas, haidirojin mol ɗaya ya rage yana zaune, ruwan da aka samu mol ɗaya, giram 18. Ta bi layin da yatsa sau biyu sannan ta ce "ashe ikweshon ba ya jin giram, mol yake ji." Wallahi ban taɓa jin an faɗe shi a taƙaice haka ba, kuma ita ta faɗa da bakinta ba wanda ya gaya mata. Bidiyon da ya biyo baya ya yi misali da haɗa keke, taya biyu da firam ɗaya, in kana da taya goma da firam uku keke uku za ka haɗa taya huɗu su rage, ko da kuwa ka ɗora tayoyin a sikeli ka ga nauyinsu daban da na firam, ƙidaya ce ke aiki. Sun yi dabara da suka bar ɗalibi ya faɗi tukuna kafin su kawo misalin.

A wannan sashen ne kuma suka tura mu wajen PhET, kuma ko ba ka yi kwas ɗin ba ina ba ka shawara ka neme shi. Shiri ne na Jami'ar Kolorado da ke Boulder a Amurka, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ta fizik a 2001 ne ya kafa shi a 2002, kyauta ne a burauza, kana gina atom da hannunka ka ƙara furoton ka ga sunan elemen ya canza, ka daidaita ikweshon kana ganin ƙwayoyin a kowane gefe, ka juya molekul ka ga dalilin da ya sa kabon dayoksaid yake miƙe digiri 180, mitan 109.5, ruwa kuma a lanƙwashe wajen 104.5 saboda ilektiron ɗin oksijin da ba su shiga ɗauri ba suna danne sauran. Gaskiya bayanin siffar molekul na kwas ɗin shi kaɗai bai isa ba, hoto ne a kwance, PhET ɗin ne ya cike giɓin.

Wani abu da na lura da shi a bidiyon mol, har yanzu tsohuwar ma'ana suke bayarwa, wai mol shi ne adadin atom da ke cikin giram 12 na kabon-12. Haka yake a da, amma tun ranar 20 ga Mayu 2019 aka canza, yanzu mol shi ne 6.02214076 × 10²³ cif, an tsayar da lambar. Ba zai canza maka amsa ko ɗaya a lissafin aji ba, amma wanda yake karɓar kuɗin mutane don ya shirya su shiga jami'a ya kamata ya sabunta bidiyonshi. Na rubuta wa malamin na faɗa mishi, ya amsa da ladabi ya ce gaskiya ne za su gyara, har muka gama ban ga an gyara ba.

Molariti, wato mol nawa ne a kowace lita (M), da iskoki sun zo lafiya. Nawa za ka auna na gishirin NaCl don ka haɗa mililita 250 mai ƙarfin 0.100 M, ka mayar da 250 zuwa lita 0.250, ka ninka ka samu mol 0.0250, ka ninka da 58.44, giram 1.46. A lokacin ta riga ta saba, tana yi tana soke yunit ba ta ko ɗago kai. A iskoki kuma sun kama kuskuren da kowa ke yi na mantawa da Kelbin, suka tambaya in ka ɗumama iska daga digiri 20 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas matsi bai canza ba, bolum zai ninka biyu? Ba zai ninka ba, domin 293 ne zuwa 313 a Kelbin, ƙarin bai kai kashi 7 cikin ɗari ba. Sun kuma yi bayanin abun da ke rikita mutane na lita 22.4 da 22.7, duka biyun a sifilin Salshiyas ne, na farko a matsin atmosfiya 1 na biyu a matsin "bar" 1, sai ka duba wanne littafinku yake amfani da shi. Da R ma haka, wato tsayayyar lambar da ake sawa a lissafin iskoki, 0.08206 ko 8.314, yunit ɗin tambayar ne zai gaya maka wanne za ka ɗauka.

Sati biyun ƙarshe ne suka ba ni haushi, kamar wanda ya ga lokaci ya ƙure ya fara gudu. Asid da bes da pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, bidiyo uku kacal, kuma sun ɗauka ɗalibi ya iya log alhali a gwajin ranar farko sun ga yanda ta yi da fawa. Mutanen da suka ba yunit sati guda sun kasa ba log ko minti goma. Ta iya danna maɓalli ta ce HCl mai ƙarfin 0.001 M pH ɗinshi 3 ne, amma da na tambaye ta tsakanin pH 3 da pH 5 wanne ya fi asid kuma sau nawa, sai ta ce na 3 ne, da biyu. Sau ɗari ne fa, kowane taki ɗaya ninki goma ne. Dole na ajiye kwas ɗin kwana biyu muka koma log daga tushe, da takarda da biro, 10 da 100 da 1000, har ta ga log tambaya ce kawai ta goma sau nawa aka ninka. Sun samu sararin faɗin cewa Sørensen ne ya ƙirƙiro ma'aunin pH a 1909 a Denmak amma ba su samu sararin faɗin cewa pH 7 na tsabtataccen ruwa a digiri 25 ne ba, in zafi ya canza lambar tana motsawa. Ga wadda za ta karanci haɗa magunguna wannan sashen ne zai bi ta har ta gama.

Ridoks kuwa, wato riyakshon da ilektiron ke barin wani sinadari ya koma wani, bidiyo ɗaya ne, dokokin lambar oksideshon a jere a allo, tambayoyi kaɗan, shi ke nan. Babu daidaita ikweshon ta hanyar rabawa gida biyu, ɓangaren da ke sakin ilektiron da ɓangaren da ke karɓa, ko kaɗan. Zafin da riyakshon ke fitarwa ko shanyewa ma ambato kawai aka yi. A tallarsu kuma sun lissafo waɗannan duka kamar za a koyar da su daidai da sauran, wannan bai yi min daɗi ba, da sun ce gabatarwa ce kawai da na san da shirina.

Ɗakin gwaji ma babu komai a kanshi, na san ta intanet ba za a riƙe biret ba, wato dogon bututun gilashi na awon ruwa, amma ai ana iya nuna bidiyon yanda ake karanta awo daga ƙasan lanƙwasar ruwa ido daidai da layin, da dokar cewa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali ba ruwa cikin asid ba saboda zafin da ke tasowa zai iya sa ya fantsamo maka, da dalilin sa tabarau. Ɗalibi zai shiga lab a satinshi na biyu ko na uku, wasu kuma ba su taɓa taɓa fifet, bututun ɗibar ruwa a kan awo, ba a rayuwarsu. Malamin da ke amsa tambaya ya san aikinshi, amsoshinshi a warware suke kuma ba ya wulaƙanta tambaya komai sauƙinta, sai dai wani lokacin sai an kwana biyu kafin ya amsa, mai koyo kuma in ya maƙale yau yau yake son a fitar da shi.

To wa zan ce ya yi? Duk wanda ya gama sakandare da kemistirin hadda, ko wanda ya yi shekaru rabonshi da aji zai koma, sati shidan farko za su yi mishi amfani sosai, ni dai ban yi da na sanin biya ba. Wanda kuma ya riga ya iya tsallakawa daga giram zuwa mol zuwa giram ba tare da tunani ba, asid da ridoks ne matsalarshi, ya nemi wani wajen. Kafin ka biya kowane irin kwas ɗin nan ka nemi su nuna maka jerin darussan da adadin bidiyo da tambayoyin kowane sashe, kada ka tsaya a sunayen batutuwa kawai, ka tambaya ko akwai gwajin farko, ka kuma gwada faɗuwa tambaya ɗaya da gangan a darasin gwaji ka ga ko za a gaya maka inda ka kuskure ko ja kawai za a nuna maka. Kuma in da hali a samu wani ya riƙa zama da ɗalibin ko da sau biyu ne a sati, ko bai san kemistiri sosai ba, ya dai ce mishi bayyana min yanda ka yi, yawancin kurakuran ƙanwata da bakinta ta kamo su tana min bayani.

A ƙarshen sati na takwas sun sake ba ta gwaji irin na ranar farko da lambobi daban. Tambayoyi uku ta faɗi, biyu na pH ɗaya na lambar oksideshon, duk na yunit da mol da sinadarin da ke fara ƙarewa ta cinye. Saura mata sati uku ta tafi, mun raba su, sati ɗaya log da asid, biyu ridoks, jiya muka fara da MnO₄⁻, ta lissafo manganis +7 da kanta, yau da yamma za mu shiga raba ikweshon gida biyu.